Yaɗa Shukar Fen a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Fen shuka ce ta inuwa da laima. Ita ce ake gani rataye a baranda ko jere a ƙofar otal, mai dogayen ganye masu tsaga-tsaga, sabon tohonta ya fito a nannaɗe sannan ya warware a hankali. Hanya biyu ake ƙara yawanta a gida: a raba uwar, ko a shuka ƙurar da ke bayan ganyenta.

Fen ba ta fure, ba ta 'ya'ya. To da me take haihuwa?

Da ƙurar iri. Kifa ganyen da ya manyanta, za ka ga ɗigo-ɗigo ko layi-layi masu ruwan ƙasa a bayansa. Kowane ɗigo tarin 'yan jakunkuna ne, kuma a yawancin fen kowace jaka tana ɗauke da ƙwayar ƙura 64.

Ƙurar nan ba iri ba ce irin na gero ko wake, don babu ɗan tsiro a cikinta. In ta faɗa wuri mai danshi da haske, abin da take fara fitarwa ba fen ba ne. Wani ɗan falle ne kore, siriri, mai siffar zuciya, faɗinsa milimita 5 zuwa 10, wanda masana ke kira furotalas. A ƙarƙashinsa gaɓar namiji da ta mace suke fitowa, kuma maniyyin namijin sai ya yi iyo a cikin ruwa kafin ya kai ga ƙwan mace. Bayan wannan haɗuwa ne fen ta ainihi take tsirowa daga jikin fallen.

An daɗe kafin a gane haka. A 1794 wani likita a Jamaika, John Lindsay, ya bayyana yadda ya tsirar da fen daga ƙurarta, amma sai a 1851 Bajamushen nan Wilhelm Hofmeister ya fayyace cewa rayuwarta zango biyu ce. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin: fallen ba shi da saiwa ta gaske, ba shi da kauri, bushewar yini ɗaya ta isa ta kashe shi.

Wace hanya ce ta fi, rabawa ko shuka ƙura?

In tukunya 3 ko 4 kake so, raba. Cikin wata ɗaya zuwa biyu sun kama, kuma kowace ta ɗauko kamannin uwarta sak. Ƙura ta mai neman yawa ce, ko mai fen ɗin da ba ta rabuwa. Ganye ɗaya yana iya ba ka ɗaruruwan tsirrai, amma ka sa rai da wata 9 zuwa shekara ɗaya da rabi kafin ka ga abin sawa a tukunya. Mai farawa ya fara da rabawa, ya san halin shukar tukuna.

Kowace fen ce ake rabawa?

A'a, kuma nan ake yawan asara. Kafin ka ɗauki wuƙa, duba gindin ka ga daga wuri nawa ganye ke fitowa.

Wadda ta yi cunkus, ganye na fitowa daga wurare da yawa, tana rabuwa. Haka fen ɗin Boston take, da sauran dangin Nephrolepis, da Adiantum mai siraran baƙaƙen kara, da Pteris.

Akwai masu jijiya mai rarrafe a saman ƙasa, mai kama da ta citta, sai dai tasu gashi gare ta. Davallia da Phlebodium ke nan. Su yanka jijiyar ake yi.

Mai ido ɗaya tal a tsakiya, wato wuri ɗaya da ganye ke tohowa, irin Asplenium nidus mai faffaɗan ganye da ke zagaye gindi, kada a raba ta. In an tsaga idon, galibi ruɓewa take yi. Ƙura ce hanyarta.

Sai Platycerium, mai ganye kamar ƙahon barewa, wadda ke manne wa itace. Wasu irinta, kamar Platycerium bifurcatum, suna fitar da 'ya'ya a gefe, wato ƙananan tsirrai irin uwar, a cire su. Platycerium superbum kuwa ba ta yin 'ya'ya ko kaɗan.

Wane lokaci ne ya dace?

Lokacin da shukar ta fara sabon toho kuma iska na da laima. A Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, wannan na nufin bayan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Kada a raba da hunturu, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, kada kuma a raba da bazara, sa'ad da zafi ke kai digiri 40. Saiwar da aka yanka ba ta iya jawo ruwan da ganye ke zubarwa a irin wannan yanayi. A Jos da Mambila, inda sanyi da laima suka fi, lokacin ya fi faɗi.

Littattafan Turai sukan ce a raba a farkon bazararsu, wajen Maris da Afrilu. Wanda ya bi wannan a ƙasar Hausa ya raba a tsakiyar zafi.

Yaya ake raba mai cunkus?

A ba ta ruwa sosai kwana ɗaya kafin aikin. Da safe ko da yamma, a inuwa, a kifa tukunyar a zare shukar da ƙasarta. In ta ƙi fita, a zagaya bakin tukunyar da wuƙa. A kakkaɓe ƙasar sama har idanun toho su bayyana.

A goge wuƙa mai kaifi da sifirit, a yanka daga sama zuwa ƙasa, biyu ko huɗu. Kowane kashi ya samu ido 2 ko 3 masu rai, da ganye, da dunƙulen saiwa da bai gaza cikin tafin hannu ba. Kwaɗayin yanka ƙanana-ƙanana shi ke sa a tashi babu ko ɗaya. Tsakiyar tsohuwar shuka sau da yawa ta riga ta mutu, baƙa ce, busasshiya. A yar da ita, a riƙe na gefe.

A yanke tsofaffin ganye da kusan kashi ɗaya cikin uku na sauran. A dasa a tukunyar da ta ɗara dunƙulen saiwar da santimita 2 zuwa 3 kawai a kowane gefe, kuma lalle tana da huji a ƙasa. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta shanye ba, sai ruɓa. Idon ya tsaya daidai inda yake a da. In an binne shi, ya mutu.

Ƙasar dashe: kashi 2 ruɓaɓɓen ganye, kashi 1 yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi 1 garin ɓawon kwakwa ko ƙonannen buntun shinkafa. Ɗan dakakken gawayi yana taimakawa wajen sakin ruwa. Ban da ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa.

Mai jijiya fa, da mai ƙaho?

A yanko jijiya mai tsawon santimita 5 zuwa 8, mai ɗauke da kan da ke girma da ganye 1 ko 2. A kwantar da ita a saman ƙasa mai danshi, a danne da waya da aka lanƙwasa. Ba a binne ta. A rufe da farar leda, saiwa takan fito cikin mako 4 zuwa 8.

Ɗan Platycerium kuma a bar shi sai faifan ganyensa, wato zagayayyen ganyen da ke lulluɓe gindinsa, ya kai faɗin santimita 10. A zura wuƙa ta bayansa a yanko shi da ɓangaren saiwa mai kaurin santimita 2 zuwa 3, a ɗora kan katako da jiƙaƙƙen zaren kwakwa a ƙarƙashi, a ɗaure da zaren roba ba tare da an danne idon ba. Busasshen faifan nan mai ruwan ƙasa ba datti ba ne, shi ke kare saiwa, kada a ɓamɓare.

Fen ɗina ta Boston tana fitar da wasu dogayen zare marasa ganye. In yanke su?

In kana son ƙari, kada ka yanke. Zaren nan ne hanyar yaɗuwarta. Ajiye ƙaramar tukunya kusa da uwar, kwantar da zaren a kan ƙasa, danne shi da waya, ka riƙa jiƙawa. Inda ya taɓa ƙasa zai yi saiwa ya fitar da toho. Sai ɗan ya yi ganye 3 ko 4 za a yanke shi daga uwar. Zaren da aka yanke tun bai yi saiwa ba bushewa yake yi.

Fen ɗin Boston asalinta wata ce da aka tsinta ta bambanta da sauran a cikin kayan shuka da aka aika daga Filadelfiya zuwa Boston, a Amurka, a 1894. Ita da ire-irenta masu cukurkuɗaɗɗen ganye ba sa ba da ƙurar kirki, don haka da zare da rabawa ake yaɗa su.

Na raba, ganye ya yi yaushi. Ta mutu ke nan?

Ba lalle ba. Yaushin mako ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani. Duba idon: in yana da tauri kuma kore ne, tana nan. Kifa mata farar leda da 'yan huji, ka sa ta a inuwa, kada ka ƙara ruwa sai saman ƙasar ya fara shan iska. Kada ka ba ta taki sai bayan mako 6. In idon ya yi laushi, ya yi baƙi, yana wari, ruwa ya yi yawa ko an binne shi.

Yaya zan bambanta ɗigon ƙura da ƙwari?

Ɗigon ƙura a jere yake, da tsari, a bayan ganye kawai. Ƙwaro mai ɓawo kuwa barkatai yake zama, har kan kara, yana ɓamɓaruwa da farce, kuma yakan bar danƙo a ganye. Mutane da yawa sun yanke lafiyayyen ganye suna zaton cuta ce. A Adiantum da Pteris, ƙurar tana ɓoye ne a ƙarƙashin bakin ganye da ya naɗe.

Yaya ake tara ƙurar?

Sanin nunarta shi ne wuyar. Ɗigon da yake kore ko fari bai nuna ba. Wanda ya yi buzu-buzu, ya koɗe, ya riga ya zubar. Abin nema shi ne wanda ya cika ya yi tsaf, launinsa ya yi duhu, 'yar fatar da ke rufe da shi, in yana da ita, ta fara ɗagawa. A ganye ɗaya ma na gindi kan riga na sama nuna, don haka ganyen da ke da duka biyun shi ya fi.

A yanko ganyen, a kwantar da shi da bayansa a kan farar takarda, a rufe da wata takardar, a ajiye a ɗaki busasshe inda fanka ba ta kaɗawa. Bayan kwana 1 zuwa 3, in ka ɗaga ganyen za ka ga hotonsa a kwance a takardar, an zana shi da gari mai laushi, kowane ɗigo a gurbinsa. A cikin garin akwai ƙura, akwai ƙaiƙayin jakunkunan. Karkata takardar ka ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa: ƙaiƙayin zai gangara, ƙurar ta manne. Zubar da ƙaiƙayin, don shi ne abincin fumfuna.

Tana ajiyuwa?

Yawanci tana yi. A naɗe ta a ambulan na takarda, ba leda ba, a rubuta suna da kwanan wata, a sa a kwalba mai murfi cikin firiji, wajen digiri 4. Da yawa suna kai shekara ko fiye, sai dai ƙarfin tsirowa yana raguwa. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a shuka cikin 'yan makonni. Masu koriyar ƙura, irin Osmunda, ba sa jira, cikin kwanaki ake shuka su.

Me ya sa ake dafa ƙasar shuka?

Domin ƙasa cike take da ƙwayoyin gansakuka da fumfuna da ƙwan ƙwari, kuma duk sun fi fen saurin girma. A rufaffen wuri mai danshi za su mamaye fallen tun bai kai ko'ina ba. Wannan mataki ba a tsallake shi.

A samu ƙaramar tukunyar roba mai faɗin santimita 8 zuwa 10, a jiƙa ta minti 10 a ruwan bilic, kashi 1 bilic kashi 9 ruwa, a ɗauraye. A haɗa garin ɓawon kwakwa kashi 2 da wankakken yashi kashi 1. Garin kwakwar a jiƙa shi a tace sau 2 ko 3 tukuna, don wani yana zuwa da gishiri. In babu, tankaɗaɗɗen ruɓaɓɓen ganye ya wadatar. A cika tukunyar saura santimita 2, a danne saman ya yi sumul.

A shimfiɗa takardar goge hannu a kai, a tsiyaya tafasasshen ruwa a hankali har wanda ke fita ta ƙasa ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Takardar tana hana ruwan tona ƙasar. Wata hanyar ita ce a turara ƙasar a madambaci minti 30. Nan take a sa tukunyar a sabuwar farar leda, a ɗaure, a bar ta ta huce sarai. Shuka a ƙasa mai ɗumi tana kashe ƙurar.

Nawa ake zubawa?

Kaɗan ƙwarai. Abin da ya ɗan ɓata kan tsinken ashana ya ishi tukunya ɗaya. A rufe taga, a kashe fanka, a cire takardar da ke kan ƙasar, a riƙe takardar ƙurar sama da tukunyar a ɗan ƙwanƙwasa tana zagayawa. Ba a rufe ƙurar da ƙasa, haske take bukata kafin ta tsiro. Ba a kuma zuba ruwa ta sama. A mayar cikin leda, a ɗaure, a rubuta suna. In iri biyu za a shuka, a wanke hannu a canza wuri, don ƙurar tana yawo a iska.

In an cika ta, fallayen kan cushe, su tsaya ƙanana. Waɗanda suka riga girma suna sakin wani sinadari da ke sa na kusa da su zama maza zalla, sai a samu kore shar amma fen kaɗan.

Ina za a ajiye?

Wuri mai haske wanda rana ba ta taɓa shi ko na minti 10. Rana a kan rufaffiyar leda dafa abin da ke ciki take yi. Zafin da ya fi dacewa digiri 20 zuwa 25 ne. In ya haura 30 ya daɗe, tsirowa takan tsaya. Saboda haka a ƙasashenmu a shuka da damina ko farkon sanyi, a ajiye a ƙasan ɗaki mafi sanyi, kusa da randa in akwai, nesa da rufin kwano. Mai amfani da farin ƙwan lantarki ya rataye shi santimita 20 zuwa 30 sama da tukunyar, awa 12 zuwa 14 a rana.

Rufewar ba sabuwar dabara ba ce. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya ga fen ta tsiro a cikin rufaffiyar kwalba tana rayuwa ba tare da an ba ta ruwa ba. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashi da aka riƙa ɗaukar tsirrai da su a jiragen ruwa. Muddin kana ganin raɓa a jikin leda, kada ka buɗe.

Yaushe zan ga wani abu?

Mako 2 zuwa 6, saman ƙasar zai yi wani kore-kore. Wata 2 zuwa 3, fallayen sun yi siffarsu. Ganyen fen na farko yakan leƙo tsakanin wata 3 zuwa 6, wasu har shekara. Ganyen farkon ba ya kama da na uwar, kada a ɗauka ciyawa ce. Pteris da Adiantum suna da sauri, Platycerium tana da nawa.

Fallaye sun cika tukunya wata da watanni, amma babu fen. Me ya faru?

Ɗaya cikin biyu ne: babu ruwan da maniyyi zai yi iyo, ko sun cushe. A fesa musu ruwan da aka tafasa ya huce, feshi mai laushi, har ya kwanta a kansu, a rufe. A maimaita sau ɗaya a mako. In cushewa ce, a ɗebi gungu-gungu masu faɗin milimita 5 da bakin tsinke mai tsabta, a dasa a sabuwar dafaffiyar ƙasa da tazarar santimita 2, a fesa, a rufe. Sau da yawa wannan kaɗai yake tayar da su.

Wasu, kamar Pteris cretica da Cyrtomium falcatum, ba sa bukatar haɗuwar ma, daga jikin fallen suke toho kai tsaye. Shi ya sa suka dace da mai koyo.

Fumfuna ko gansakuka ta fito. A zubar?

In tabo ne ƙarami, a kwashe shi da cokali tare da santimita 1 na kewayensa, a bar ledar a ɗan buɗe na awa ɗaya. In ya yaɗu, a ceci gungun da ke da lafiya zuwa sabuwar ƙasa. Kore mai santsi da yauƙi alamar ruwa ya yi yawa ne ko an sa taki da wuri. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje kuma tsutsarsu cin fallen take yi, kuma ganinsu na nufin ledar ta huje ko ƙasar ba ta dahu ba. Maganin feshi mai ƙarfi ya fi kashe fallen fiye da cutar. Shuka tukunya 3 maimakon ɗaya ya fi kowane magani.

Yaushe ake fitar da su daga leda?

In sun yi ganye 2 ko 3, tsayinsu ya kai santimita 2 zuwa 3, a dasa su ɗai-ɗai ko gungu a ƙananan tukwane, a sake rufewa mako 2. Sannan a fara sabar musu da iska: huji 2 yau, bayan kwana 3 a ƙara, a buɗe awa ɗaya, a buɗe rabin yini, har mako 3 zuwa 4. Aikin wata 8 yana iya lalacewa a yini ɗaya in an yaye ledar farat ɗaya. In lokacin ya faɗo cikin hunturu, a bar su a rufe har iskar ta wuce.

Wane ruwa, wane taki?

Ruwan sama ya fi. Ruwan burtsatse na wasu wurare yana da gishiri da kanwa-kanwa, alamarsa farin ɓawo a bakin tukunya da ƙonewar bakin ganye. Na ƙananan tsirrai kullum a tafasa a huce. Taki kuwa na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata, kuma sai ganyen gaske ya fito. Kada a barbaɗa ƙwayar NPK a gindin fen.

Na sayi wata a wurin masu fulawa an ce fen ce, amma tana yin jajayen 'ya'ya.

Ba fen ba ce. Dangin Asparagus ce, mai ganye sirara da 'yan ƙayoyi da fararen dunƙulaye a saiwa. Ana shuka 'ya'yanta ko a raba gindinta, kuma ta fi fen jure fari. 'Ya'yan ba na ci ba ne, a kiyaye yara.

Zan iya ciro ta daji in dasa?

Ciro ganye ɗaya mai ƙura ya fi tumɓuke uwar. Wadda ke manne a dutse ko a jikin itace ba kasafai take rayuwa a tukunya ba, kuma wurin da aka cire ta yana daɗewa bai mayar ba. A gandun da hukuma ke karewa ba a cire komai sai da izini.

Akwai kuma wadda ba a kawowa gida ko kyauta: Pteridium, doguwar fen mai faffaɗan ganye da ke mamaye fili a wurare masu tudu irin Mambila. Jijiyarta tana tafiya can ƙarƙashin ƙasa, in ta kama wuri fitar da ita aiki ne, kuma guba ce ga shanu da dawaki in suka daɗe suna cin ta.